Kujera a Tsakiyar Aji

Yaran makarantar ne suka laƙaba masa Malam Zagaye, sunan kuwa ya bi shi har cikin gida, don ko matarsa idan zolaya ta motsa mata da shi take kiransa. Shi ma bai bar ta haka ba, Tela yake ce mata tun kafin aurensu, saboda ɗinki ne sana'arta. Gidansu yana cikin harabar makarantar, bayan jerin ajujuwa, ɗaki biyu ne da falo. Keken ɗinkinta na ƙarƙashin tagar falon, kuma duk sa'ad da ta tsayar da shi tana iya jiyo muryarsa daga aji, musamman in wani yaro ya ba shi amsar da ta yi masa daɗi.

Daga wani darasi sunan ya samo asali. Kowace shekara idan aka zo kan maganar wata, sai Malam ya sa a ture tebura jikin bango, a ajiye kujera marar baya a tsakiyar aji. Kujerar ce duniya, shi ne wata. Sai ya tambayi yara: tun da fuska ɗaya wata ke nuna mana tun zamanin kakanni, tabonsa iri ɗaya a wuri ɗaya, to yana juyawa a kan kansa ko ba ya juyawa? Kullum ajin zai ɗauka da ƙarfi cewa ba ya juyawa, kullum kuma shi zai bushe da dariya ya ce, "Madalla. Kun faɗi gaba ɗaya, babu mai yi wa wani gori."

Daga nan sai ya zagaya kujerar da tafiyar gefe, idonsa a kanta, yana faɗin abin da yake hangowa ta bayanta: ga allo, ga taga, ga bangon baya, ga ƙofa. In ya dawo inda ya fara sai ya ce, mutumin da ya fuskanci bango huɗu ba tare da ya waiwaya ba, ai ya juya ke nan ko bai sani ba. Haka wata yake yi. Yana juyawa sau ɗaya a kan kansa cikin daidai lokacin da yake ɗauka ya zagaya duniya, shi ya sa ba mu taɓa ganin ƙeyarsa ba. Sannan ya yi zagaye na biyu, wannan karon fuskarsa ga allo kawai, don yara su ga yadda abin zai kasance da a ce wata ba ya juyawa: kujera za ta ga gabansa, ta ga gefensa, ta ga bayansa. Akwai magidanta masu gemu a garin da har yau in sun haɗu da shi a hanya sai sun ɗan yi masa tafiyar gefe kafin su miƙa hannu.

Ciwon bai yi sallama ba. Da farko makulli ne ke ɓacewa, sai tabarau, abin da kowane mai shekaru ke yi, har Tela tana yi masa tsiya a kai. Sai ranar da ta aike shi shagon bakin ƙofar makaranta ya sayo mata zare, aka wuni babu Malam babu zare. Da yamma mai gadi ya rako shi, wai a bakin titi ya same shi yana tambayar masu wucewa hanyar gidan mahaifinsa, gidan da aka rushe tun suna da ƙuruciya. A asibiti likita ya sa shi ya zana agogo, Malam ya tattara lambobin duka ya cusa su a gefe guda, ya miƙa takardar yana murmushi. Likitan ya ja Tela waje ya ce ciwon mantuwa ne, irin wanda ba ya komawa baya, magani sai dai na rage masa gudu.

Ta yi kuka a ranar, kukan da ba ta yi ba tun rasuwar mahaifiyarta. Bayan haka ta share ido ta zuba masa shi, sai ta lura da wani abu. Ran Asabar da Lahadi Malam ba mutum ba ne. Zai zauna bakin gado hannu a cinya, ya ƙi cin abinci, ya tambaye ta yaushe za a mayar da shi gida. Wani lokaci ya kalle ta da ladabi irin wanda ake yi wa baƙuwa, kuma wannan kallon shi ne abin da ta fi tsoro a duniya. Amma da safiyar Litinin, ana buga ƙararrawar makaranta sai ya miƙe, ya nemi takalminsa, ya ce, "Tela, za ki sa in makara." Ya san ta, ya san kansa. Idan ya dawo daga aji yakan ɗauki sa'o'i yana nan a matsayin mijinta, ya yi mata ƙorafin yara, ya kushe ɗinkin da take yi, ya sha shayi. A dogon hutun da ya wuce kuwa, da aka yi makonni ba ƙararrawa, ta ga inda abin zai kai, kuma ba ta son sake gani.

Don haka ta rufe maganar ruf. Aji shi ne ke dawo mata da shi, in aka raba shi da aji an raba ta da ɗan abin da ya rage mata. Kullum sai ta raka shi har bakin ƙofar ajin da sunan za ta kai wa wata malama ɗinki, ko za ta gwada wasu yara kayan makaranta. Malaman mata har sun fara yi mata dariya, suna cewa soyayyar tsufa ta fi ta ƙuruciya naci. Ita ma sai ta taya su dariyar.

Wata Laraba shugabar makarantar ta zo gidan da yadi a leda. Mace ce mai kirki, kuma a hannun Malam ta koyi riƙe aji lokacin tana sabuwar malama, shi ya sa ta daɗe tana kawar da kai. Ta miƙe tsaye ta buɗe hannuwa, Tela na zagaya ta da tef, sai da aka zo kan kafaɗa sannan ta yi magana, tana kallon bango.

"Anti Tela, iyaye sun kai ƙara ofishin ilimi."

"Ƙarar wa?"

"Kin sani. Darasi ɗaya ya maimaita musu sau uku a makon jiya. Shekaranjiya kuma ya tsaya a gaban allo da alli a hannu har aka buga ƙararrawa, bai rubuta komai ba. Yaran ne ke rufa masa asiri, amma yara suna da iyaye."

"Gajiya ce, Malama. Ɗaga hannunki."

Shugabar ta ɗaga. "Za su turo mutum Alhamis ta sama, ya zauna a ajinsa ya gani da idonsa. Abin da na iya roƙa kawai shi ne a bar Malam ya zaɓi darasin da zai yi. In ya yi kyau, zan samu bakin magana har ƙarshen shekara. In bai yi ba, wallahi Anti ba ni da yadda zan yi."

Tela ta naɗe tef ɗin a yatsunta. Ta ce, "Na wata zai yi. Wannan ko cikin barci aka tashe shi zai yi shi."

Ba gaskiya ta faɗa ba, amma a lokacin ita ma ba ta sani ba. Da yammacin ranar ta ture keken ɗinki gefe, ta naɗe tabarma, ta ajiye 'yar kujerar da take zama in tana yanka a tsakiyar falo. Ta ce, "Malam Zagaye, zo ka koya mini wata, yau ni ce ɗaliba." Ya taso da fara'a, ya yi tambayar farko daidai, ya fara tafiyar gefe. Yana kaiwa wajen taga sai ya tsaya. Ya dubi kujerar, ya duba ƙarƙashinta, ya ce, "Me muke nema ne?" Suka sake daga farko, ya sake tsayawa. A karo na gaba ma ɗaukar kujerar ya yi ya mayar da ita jikin bango, yana faɗa wai ana barin kaya a hanya sai wani ya yi tuntuɓe.

Kwana biyu ana haka. A na uku ƙafafunta suka gaji da tsayuwa, zuciyarta ma ta gaji, sai kawai ta zube a kan kujerar ta dafe kai. Da ta ɗago sai ta ga ya zuba mata ido, fuskarsa ta washe. Ya ce, "Yauwa. Ke ce duniya. Kada ki tashi." Ya fara zagaya ta, ita kuma tana juyawa a kan kujerar tana bin sa da kallo, sai ga darasin yana fitowa tiryan-tiryan, da barkwancinsa da komai. Har da abin da yakan ƙara in yana cikin nishaɗi, cewa bayan wata ba duhu ba ne kamar yadda mutane ke zato, rana na haska shi kamar yadda take haska gaban, mu ne dai ba mu da rabon gani. Ya gama ya ce, "Akwai tambaya?" Daɗi ya cika Tela.

Tun daga ranar kullum da yamma sai ta zauna ya zagaya ta. Lissafinta shi ne, in darasin ya koma cikin ƙafafunsa, ran Alhamis kujera ma ta isa. Mace ce mai wayo, ta riƙe gida da keke ɗaya ta aurar da 'ya'ya, amma a nan wayon ya yi mata gardama. Ba ta taɓa tashi daga kujerar ko sau ɗaya ta gwada shi da ita babu kowa a kai ba. In za a faɗi gaskiya, ba mantawa ta yi ba, ba ta so ne. A ɗan lokacin nan yana kallonta ido cikin ido irin kallon da rabonta da shi tun kafin ciwon, wa zai tashi daga irin wannan wurin?

Ana saura kwana biyu ƙanwarsa ta zo, wadda yaran gidan ke kira Goggo. Ta tarar da su tsakiyar zagaye, ta tsaya bakin ƙofa da jaka a hannu har suka gama. Malam ya gaishe ta da kyau, ya tambaye ta ko ita ce mahaifiyar yarinyar nan mai surutu ta layin gaba. Goggo ta ce eh, ita ce, ta wuce kicin. Tela ta bi ta.

"Matar Yaya, wannan abin da kike yi zalunci ne."

"Sannu da zuwa dai tukuna."

"Bar ni da sannu. Mutum bai gane ƙanwarsa uwa ɗaya uba ɗaya ba, shi za ki kai gaban baƙo ki ce ya yi rawa? Ki je ki gaya musu ba shi da lafiya, ya sauka da mutuncinsa. Shekara nawa yana tara sunan nan?"

"In ya sauka ya zauna ina? A kan gado? Ke kika gan shi lokacin hutu, ko ni? Wa ya riƙa ɗura masa ruwa da cokali?"

"To don kanki kike yi ke nan, ba don shi ba."

Tela ta ajiye wuƙar da ke hannunta. Ta ce, "Eh, don kaina. Ke in kin koma gida akwai wanda zai kira sunanki. Ni ma shi nake nema."

Goggo ta kwana ɗaya, da safe ta tafi, ta bar musu man zafi da lemo. A bakin ƙofa ta riƙe hannun Tela ta ce Allah ya sa ita ce ba ta da gaskiya.

Tela ta ɗinka masa sabuwar doguwar riga da wando, ruwan toka mai haske, ta goge su har suna ƙyalli. Ran Alhamis ta tashe shi da wuri, ta aske masa gemu, ta ba shi shayi mai kauri kofi biyu don idonsa ya buɗe. Da suka fito, wata na nan sama ta yamma, fari fat kamar tsohon faranti, rana kuma ta riga ta fito. Malam ya nuna shi da haɓa ya ce, "Ga mutumin can, bai tafi ba." Ta ɗauki wannan a matsayin alamar alheri.

Abin da ta fi tsoro shi ne kada ya fita yawo kafin baƙon ya iso, a zo a tarar da aji babu malami. Don haka ta kai shi har kan kujerarsa ta bayan teburin malami, ta zaunar da shi, ta sunkuya daidai kunnensa.

"Malam, kada ka tashi daga nan sai baƙo ya zo. Ko me ya faru. Ka ji?"

"Na ji."

"Me na ce?"

"Kada in tashi."

Ta fita ta zagaya bayan ajin, ta laɓe gefen tankin ruwa, inda take iya hango teburinsa ta ɓarin taga. An ce baƙon zai zo da an buga ƙararrawar farko. Aka buga ta farko, aka buga ta biyu, shiru. Irin mutanen nan na ofis lokacinsu daban ne da na sauran bayin Allah. Yara suka ture tebura da kansu, suka ajiye kujerar a tsakiya, suka jeru jikin bango suna hira ƙasa-ƙasa. Rana ta ɗaga ta fara dukan ƙeyar Tela. Sau biyu ta ga Malam ya dafa tebur kamar zai miƙe, ya kalli ƙofa, sai kuma ya koma ya zauna yana motsa baki. Ta ji daɗi da ya riƙe maganarta.

Sai wajen hantsi sosai baƙon ya iso, wani siriri mai tabarau, shugabar makaranta na biye da shi. Ya ba da haƙuri a gajarce, aka ba su wuri a bayan aji suka zauna. Shugabar ta ce, "Malam, bismillah, muna sauraro."

Malam bai motsa ba. Ya zuba wa kujerar da ke tsakiya ido.

"Malam, ga baƙonmu ya iso."

"Ina take?"

"Wa, Malam?"

"Ai ba a farawa sai ta zauna."

Wata ɗaliba mai saurin fahimta ta taso da gudu ta zauna a kujerar. Ya kalle ta sama da ƙasa ya ce, "'Yata, tashi, ba ke ba ce." Yarinyar ta koma wurinta. Baƙon ya gyara tabarau ya dubi shugabar, ita kuma ta dubi ƙasa. Sai Malam ya fara waige-waige, numfashinsa ya sauya, ya ɗaga murya irin ta yaron da ya ɓace a kasuwa.

"Tela! Tela!"

A nan ta gane kuskuren da ta yi. Ba kujera ta koya masa ya zagaya ba. Ta san in ta shiga ta tona abin da ta shekara tana rufewa, in kuma ta tsaya, zai ci gaba da kiranta a gaban yara. Bai kai ga kira na huɗu ba ta zagayo, ta yi sallama a bakin ƙofa da murmushin da ita kanta ba ta san inda ta samo shi ba.

"Ku yi haƙuri, ranka ya daɗe, ni ce kayan aikin. Haka muka tsara, makara na yi."

Shugabar ta yi caraf ta ce, "Matarsa ce. Takan taimaka."

Tela ta zauna a tsakiyar aji. Malam na ganinta ya sauke ajiyar zuciya, kafaɗunsa suka sauka. Ya miƙe, ya fito daga bayan tebur da tafiyar gefe, fuskarsa a gare ta. Ya yi tambayar farko da muryarsa ta da, wadda ke cika aji. Yara suka amsa da ƙarfi cewa wata ba ya juyawa, alhali duk sun san amsar, don dai su ba shi hanya. Ya yi dariya ya ce sun faɗi gaba ɗaya. Sannan ya fara zagaye.

Ba ta taɓa ganin ya yi shi da kyau haka ba. Tana juyawa a kan kujerar tana bin sa, ba ta ganin kowa sai shi: idonsa na ƙyalli, hannunsa na nuni, sabon askinsa, rigar da ta zauna masa ɗas a ƙirji. Ga taga, in ji shi. Ga allo. Ga ƙofa. Ya kawo misalin uwa mai zagaya jariri tana masa wasa, ba ta ɗauke fuska daga kansa, amma ai ɗakin duka ta gani. Wannan misalin sabo ne, ko a gida bai taɓa yin sa ba. Ta lura ajin ya yi tsit, irin shirun da ko tari babu, sai ta ce a ranta ai dole, ko baƙon ma yau ya ga malami. Zuciyarta ta fara lissafin watannin da suka rage a shekara, safiya nawa za a buga ƙararrawa ya ce za ta sa shi makara. Da ya zo wurin da yakan ba da dariya, babu wanda ya yi dariya, amma ko wannan bai dame ta ba.

Ya tsaya tsakaninta da bangon baya, inda baƙon da shugabar ke zaune. Ya ce, "Duniya, kin ga bayana?"

"Ban gani ba, Malam."

"Ko sau ɗaya?"

"Ko sau ɗaya."

"To su duk sun gani. Wanda ke tsakiya ne kaɗai ba ya gani. Yanzu ku duba yadda zai kasance da a ce wata ba ya juyawa."

Ya kafe fuskarsa ga allo ya fara zagaye na biyu. Ta ga gabansa. Ya bi ta wajen taga, ta ga gefensa, da kunnensa, da furfurar da ta bari a gefen kai. Ya ƙarasa tsakaninta da allo, ya ba ta baya.

Rigar ta jiƙe sharkaf daga ƙugu har ƙasa. Ruwan tokar ya koma baƙi, ya manne masa a jiki, wandon ma haka har dunduniya. Ta kai ido bayan teburin malami, ta ga kujerarsa na ɗiga, ga ɗan tafki a siminti, ga sawun takalminsa a jiƙe ya zana da'ira kewaye da ita. Tun yana zaune fitsari ya kufce masa. Sau biyu ya so ya tashi, ita ce ta ce kada ya tashi ko me ya faru.

Sai a lokacin ta dubi ajin. Yaran duk sun sunkuyar da kai, wata yarinya ta cusa fuska cikin hannun rigarta kafaɗunta na rawa. Shugabar ta rufe bakinta da tafin hannu, hawaye na bi ta kan yatsunta. Baƙon ya cire tabarau ya riƙe a cinya, yana kallon waje ta taga. Ba mugu ba ne, da alama shi ma yana da uba. Babu wanda ya ce an gama, kuma ba a bukatar a faɗa. Ƙararrawar Litinin ba ta Malam ba ce kuma.

Kunya da tausayi suka taru suka rufe ta, amma abu ɗaya ne ya rage da za ta iya yi masa. Ta miƙe, ta warware mayafinta, ta nufi bayansa don ta ɗaura masa a ƙugu ta fitar da shi. Motsinta ya ji, sai ya juyo da sauri ya fuskance ta, yana murmushi.

"A'a, an gama na ƙarya ai. Wata na gaskiya ba ya ba duniya baya."

"Malam, tsaya. Tsaya haka, don Allah."

Ta bi ta damansa, ya juya dama. Ta koma ta hagu, ya biyo ta, bayansa ya koma ga yaran da ke jikin taga. Ta ƙara sauri, shi ma ya ƙara, har yana dariya, yana jin daɗin ɗalibar da ta kawo wasa cikin darasi. Duk inda ta zagaya fuskarsa take tararwa, a buɗe, cike da sanin ko ita wace ce, kuma duk juyin da ya yi sai ya nuna wa wani sashen ajin abin da take son rufewa.

"Don girman Allah ka juya mini baya," in ji ta, muryarta ta karye. "Sau ɗaya kawai."

Ya ɗaga yatsa ya dubi yaran ta kan kafaɗarta, irin yadda yake yi in ya zo kan abin da yake so su riƙe.

"Kun gani ko? Ko ta roƙa ba zai yi ba."

Ya dawo da idonsa kanta yana jiran ta ci gaba. Tela ta tsaya cak a tsakiyar aji, mayafin a buɗe tsakanin hannuwanta biyu.